Da A Ce An Tsaya A Jihohi 12, Ina Jama'ar Za Su Kasance Yau?

Duk sanda aka tayar da zancen jihar da ta fi yawan jama'a a Najeriya, musun ba ya wuce Kano da Legas. Ƙidayar 2006 ta ba Kano mutum 9,401,288, ta ba Legas 9,113,605. Gwamnatin Legas ta lokacin, ƙarƙashin Bola Tinubu, ta yi fatali da sakamakon, ta ce nata lissafin ya haura miliyan 17. Kanawa kuwa amsarsu na bakin harshe: mu an yanke mana Jigawa a 1991, ku tun 1967 ba a rage muku ko taku ɗaya ba, amma har yanzu muna gaba. Daga nan sai a faɗa duniyar "da a ce". Da a ce ba a cire Jigawa ba, da Kano na da mutum 13,762,290, da musun ma bai taso ba.

In dai tara lamba ce, lissafin bai yi ƙarya ba, domin Jigawa 4,361,002 aka rubuta mata. Inda gizo ke saƙar shi ne, mai wannan lissafi layi ɗaya ya goge a taswira, wanda ya tsone masa ido, ya bar sauran yadda suke. In za a yi wasan, a yi shi da adalci. A mayar da taswirar gaba ɗayanta yadda Yakubu Gowon ya shata ta ranar 27 ga Mayun 1967, kwana uku kafin Ojukwu ya shelanta Biyafara, a zuba mata mutanen 2006, a ga abin da zai fito.

A waccan taswira jihohi shida ne a Arewa: Arewa maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato, Arewa ta Tsakiya a Kaduna, Kano, Arewa maso Gabas a Maiduguri, Binuwai-Filato a Jos, sai Kwara a Ilori. Arewa maso Gabas, wadda Musa Usman ya mulka, ita ce ta haifi Borno, Yobe, Bauchi, Gombe, Adamawa da Taraba. Jimillarsu a 2006 ta kusa miliyan 19, ko da yake sai an ɗebe yankin Wukari, wanda a lokacin yana Binuwai-Filato. Tsohuwar Jihar Yamma, wato Oyo, Ogun, Ondo, Osun da Ekiti, miliyan 18.6. Gabas ta Tsakiya, jihohin Ibo biyar na yau, miliyan 16.4. Arewa maso Yamma, wato Sakkwato, Kebbi, Zamfara da Neja, wajen miliyan 14 bayan an cire Borgu da ke cikin Kwara a da. Sai a nan Kano za ta shigo da miliyan 13.8, Kaduna da Katsina a haɗe suna bin ta da miliyan 11.9. Ita kuwa Legas, aƙalla jihohi shida ne a gabanta.

Ashe gasar Kano da Legas, da ake ta kumfar baki a kanta kamar da ita aka halicci ƙasar, 'yar taswira ce. Sun zama ta ɗaya da ta biyu ne domin an daddatsa manyan da ke gabansu. Murtala ya kai jihohin 19 ranar 3 ga Fabrairun 1976, kwana goma kafin a kashe shi. Babangida ya ƙaro Katsina da Akwa Ibom a Satumban 1987, ya ƙaro tara a Agustan 1991. Abacha ya cike 36 ranar 1 ga Oktoban 1996. A duk wannan yankan, Arewa maso Gabas ta tashi gida shida, Yamma gida biyar, Gabas ta Tsakiya gida biyar, Kano gida biyu kacal, Legas kuwa wuƙar ba ta taɓa ta ba.

To amma ko wannan lissafin na adalci akwai rami a tsakiyarsa. Ya ɗauka cewa mutanen da aka ƙirga a Dutse da Damaturu da Gusau a 2006, da suna nan zaune ko da ba a yi jihohinsu ba. Nan ne nake rabuwa da masu tara lamba. Layin da soja ya ja a taswira bai tsaya ga raba mutanen da ya tarar ba. Ya kwashi wasu daga inda suke ya kai su wani wuri, ya sauya farashin kan mutum a wajen rabon arziki, ya mayar da ɗan gari baƙo a garin da aka binne cibiyarsa, har ma ya shafi ita kanta lambar da malaman ƙidaya suka rubuta.

Babbar shaida ita ce Abuja. A ranar da Murtala ya ƙara jihohi, a ranar ya amince da shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ta kafa sabon babban birnin tarayya, aka yanko fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 daga Neja da Filato da Kwara. Ƙauyukan Gbagyi ne da maƙwabtansu, gonakin doya da dawa. Tsohon garin Abuja ma a waje ya tsaya, ya ba da aron sunansa ya koma Suleja. A ƙidayar Nuwamban 1991, ana saura 'yan makonni Babangida ya taro daga Legas, mutum 371,674 aka samu a yankin. A 2006 sun kai 1,406,239. Babu haihuwar da ke ninka jama'a kusan sau huɗu a shekara 15. Ƙafa ce ta kawo su. Kuma lambar ba ta faɗi duka ba. Duk wanda ya tsaya a Mararaba da asuba ya san haka: motocin haya a cushe, hanya ta toshe tun kafin rana ta fito, masinja da direba da malamar asibiti da mai gadi kowa na neman kujera ya shiga birnin da ba zai iya biyan hayar ɗaki a cikinsa ba. Da dare kuma su juyo. A takarda waɗannan mutanen Jihar Nasarawa ne, kamar yadda na Madalla da Suleja suke na Neja. Da Aguda ya nuna wani wuri da yatsa, da kaso mai tsoka na jama'ar jihohin nan biyu suna wata nahiya.

Abin da ya faru a Abuja ya faru a kowace sabuwar hedikwata, sai dai ƙarfinsa ya bambanta, kuma bambancin ne abin lura.

A ɗauki Dutse. A 1991 hedikwatar ƙaramar hukuma ce, kuma mutanen Haɗeja, da suka daɗe suna fafutukar jiha, ba su ji daɗin zaɓen ba. Kanar Olayinka Sule ya zo ya tarar da gari babu ofisoshin da za su ɗauki gwamnati, babu gidajen da za su ɗauki ma'aikata. Ma'aikatan da asalinsu ya faɗa sabuwar jiha aka ce su tattara daga sakatariyar Audu Bako su kama hanya. Da yawansu jikinsu kawai suka kai. Iyali na Kano, yara na makaranta a Kano, filin da aka fara ginawa na Kano. Saminu Turaki, da ya hau a 1999, sai ya warwatsa ma'aikatu zuwa hedikwatocin masarautu, wanda ya ƙara jinkirta haɗuwar garin. Sule Lamido ne daga 2007 ya tattaro su, aka yi sabuwar sakatariya da rukunonin gidaje da filin jirgi, jami'ar tarayya ta zo a 2011. Daga nan Dutse ta fara kama da birni. Duk da haka, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a tsaya a Shuwarin a ga jerin motocin da suka miƙa Gaya da Wudil. Litinin da sassafe su dawo.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, layin ya ɗauke albashi ya kai Dutse, bai iya ɗauke gida gaba ɗaya ba. Waɗanda suka tare da gaske su ne masu bin albashin: magina, masu buga bulo, masu sayar da abinci a bakin sakatariya, teloli, masu buɗe makarantun kuɗi, ɗalibai. Yawancinsu daga ƙauyukan kewaye suka fito, daga Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu da Gwaram. Da ba a yi jiha ba, ba za su zauna a ƙauye suna kallon rani ba. Kano za su nufa, kamar yadda iyayensu suka saba ci-rani. A nawa ganin, a nan ne ainihin bambancin yake. Jimillar tsohuwar Jihar Kano ba za ta yi nisa da miliyan 13.8 ba, amma birnin Kano da ya fi haka kumbura, da unguwannin da ke tsiro babu tsari a Kumbotso da Ungogo sun fi haka nisa, kuma gabashin jihar da ya fi haka zama wurin tsofaffi da mata da yara a lokacin rani.

Yobe ta ba da wani darasin. An ba Damaturu hedikwata a 1991, amma shekara 15 bayan haka ƙidaya ta samu ƙaramar hukumar Damaturu ba ta kai mutum 100,000 ba, alhali Potiskum ta wuce 200,000. Kasuwar shanun Potiskum da manyan motocinta sun fi gidan gwamnati jan mutane. Gombe kuwa abu biyun ta haɗa. Tun kafin 1996 garin kasuwa ne da auduga, ga layin dogo, ga mahaɗar hanyoyin Bauchi da Yola da Biu. Da hedikwata ta sauka a kansa sai ya tashi da gudu, daga baya masu gudun rikicin Boko Haram suka ƙara masa nauyi. Sai a kwatanta da Nguru da Ƙaura Namoda, garuruwan da jirgin ƙasa ya raya a zamanin gyaɗa. Jirgi ya tsaya, hedikwata ba ta zo ba, sai ci gabansu ya yi sanyi. Don haka a taswirar jihohi 12, Gombe da Gusau da Potiskum za su rayu da kasuwarsu ko ta halin ƙaƙa. Dutse da Damaturu da Jalingo ne da ba mu san su yadda muka san su yau ba.

To ina mutanen za su tafi? Hedikwatoci shida za su raba abin da yanzu 19 ke rabawa. Maiduguri ce za ta fi kowa sauyawa, domin ita ce za ta riƙe kusan kashi 30 cikin 100 na faɗin Najeriya. Tsohon malamin makaranta daga Gembu a kan tsaunin Mambila, in fayil ɗin fanshonsa ya maƙale, Maiduguri zai bi. Duk wanda ya gama karatu daga Azare zuwa Mubi, can zai kai takardunsa. Bauchi da Yola za su tsaya a matsayin manyan garuruwan lardi. Kuma wannan birnin da ya kumbura, kujerar gwamnatin mutum miliyan 18 da ɗoriya, shi ne wanda rikici ya ɓarke a cikinsa a Yulin 2009. Samuwar Damaturu da Gombe da Bauchi da Yola da Jalingo, kowacce da gwamnatinta da kasafinta, ta sa girgizar Maiduguri ba ta tsayar da mulkin yankin gaba ɗaya ba. Masu kukan an yi wa Arewa gunduwa-gunduwa ba kasafai suke sa wannan a ma'auni ba.

Akwai ma masu komawa baya fiye da haka, su ce da an bar Jihar Arewa guda ɗaya yadda Sardauna ya bar ta. A lissafin 2006 wannan na nufin gwamnati ɗaya a Kaduna tana mulkin mutum kusan miliyan 74. Babu shakka da Kaduna ta zama wani abu dabam. Masaƙar farko ta buɗe a 1957, wasu suka biyo ta a Kakuri, ga gidan rediyo, ga jaridar New Nigerian, ga jami'a a Zariya. Rabuwar 1967 ce ta watsa ma'aikatan da suka taru a can, kowa ya koma sabuwar jiharsa. Sai dai wannan "da a ce" ɗin ƙafarta ɗaya ce. Tun kafin 'yancin kai Joseph Tarka da jam'iyyarsa ta UMBC ke neman jihar Tsakiya, Ibrahim Imam na da tasa ƙungiyar a Borno, Turawa suka kafa kwamitin Willink da ya ba da rahoto a 1958 kan tsoron da ƙananan ƙabilu ke yi, ƙasar Tibi kuma ta kama da wuta a 1960 da 1964. Ko soja bai zo ba, da wuya Arewa ta kai yau a dunƙule.

Mu dawo kan kuɗi, domin shi ne ke hura wutar. A tsarin rabon asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Shi kuma kason jihohin, kashi 40 cikin 100 raba daidai ake yi, babba da ƙarama kowa ludayi ɗaya. Kashi 30 ne kawai ke bin yawan jama'a, sauran 30 ɗin a raba su tsakanin faɗin ƙasa, ƙoƙarin tara haraji da buƙatun jin daɗin jama'a. Ma'ana, Kano da Jigawa a rabe ludayi biyu suke ɗiba daga wancan kashi 40 ɗin. A haɗe ɗaya za su ɗiba. Haka abin yake a majalisar dattawa, inda kowace jiha ke da sanata uku, haka a kujerar minista, wadda kundin tsarin mulki ya ce kowace jiha sai ta samu aƙalla ɗaya. Sanatan Kano na wakiltar mutum sama da miliyan 3 a lissafin 2006, na Bayelsa bai kai 600,000 ba, kuma ƙuri'arsu ɗaya a zaure. Tsohuwar Arewa maso Gabas sanata 18 take turawa yau, tsohuwar Yamma 15, tsohuwar Kano 6, Legas 3. Wanda ke alfahari da cewa jiharsa ce ta fi kowa yawa, in ya duba ta wannan fuska, alfahari yake da cewa kan ɗan jiharsa ya fi na kowa araha.

Inda Kano ta fanshe shi ne ƙananan hukumomi: 44 nata, 27 na Jigawa, 71 ke nan, a gaban 20 na Legas. Wannan ne ya sa Tinubu ya ƙirƙiro ƙarin 37 a 2003, Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas, har magana ta kai Kotun Ƙoli a 2004. Kowane ɓangare na da inda taswira ta cuce shi da inda ta yi masa gata, kuma kowa na cutar yake tunawa.

Ba a nan zancen kuɗin ya ƙare ba. Raba jiha kamar raba gidan gandu ne: kowane ɗa ya kafa murhunsa, itacen da ake ƙonawa ya ƙaru, hatsin rumbu na nan yadda yake. Jigawa ta samu ludayinta, amma ta samu gwamna da mataimaki da kwamishinoni da majalisa mai kujeru 30 da manyan sakatarori da jerin motoci, waɗanda a da Kano ɗaya ke ɗauka. Nawa ne cikin ƙarin ya isa asibitin Gumel ko makarantar firamare a Kazaure, nawa ne ya tsaya a gidan gwamnati? Ni dai ina ganin mutumin Birniwa ya fi samun titi da rijiyar burtsatse a ƙarƙashin Dutse fiye da yadda zai samu in yana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 71 da ke layi a Kano. Amma farashin da aka biya bai yi araha ba, kuma jihohi da yawa in aka rufe musu famfon Abuja wata ɗaya ba za su iya biyan albashi ba.

Akwai kuma wani sauyin da ba ya fitowa a ƙidaya ko kaɗan. Yaron da aka haifa a Fagge, mahaifinsa ɗan Gumel, ranar 26 ga Agustan 1991 ya kwana ɗan Jihar Kano, washegari ya zama ɗan wata jiha ba tare da ya matsa ko'ina ba. In zai nemi tallafin karatu, ko gurbi a jami'a, ko aikin soja, ko aikin gwamnati, takardar shaidar asali za a tambaya, sai ya tafi ƙaramar hukumar da watakila sau ɗaya ya taɓa zuwa, ya nemo mai unguwa da dagaci su shaida kakansa. A ƙidaya kuwa, Kano ce ke ƙirga shi, Kano ce ke karɓar kaso da kansa. Kowane sabon layi ya ƙara yawan irin waɗannan mutane, mazauna nan 'yan asalin can. A taswirar jihohi 12 Bakatagume a Maiduguri ɗan jiha ne, Bazamfare a Minna ɗan jiha ne. In akwai abu ɗaya da zan ce an yi asararsa ƙarara, to wannan ne.

Rabuwar Kaduna da Katsina ta nuna yadda layi ke sauya wane ne mai rinjaye ba tare da mutum ɗaya ya ƙaura ba. A tsohuwar jihar, lardin Katsina da lardin Zariya sun daɗe suna ja-in-ja kan muƙamai da ayyuka. Bayan majalisa ta tsige Balarabe Musa a 1981, Abba Musa Rimi ya gaje shi, Lawal Kaita ya biyo a 1983, dukansu Katsinawa. Da Katsina ta fita a 1987, sai kudancin Kaduna, wanda a da ƙaramin yanki ne a cikin babbar jiha, ya wayi gari yana da nauyin da ba a iya tsallake shi. Ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi addini ko ƙabila ba, don haka duk mai kawo maka kason Musulmi da Kirista a jihar ƙiyasi yake yi. Amma siyasa ta nuna sauyin: Patrick Yakowa ya zama gwamna a 2010, ya kuma ci zaɓe a 2011. Da mutum miliyan 5.8 na Katsina suna cikin akwatin, da wuya hakan ta faru. Ko zaman lafiya zai fi samuwa a haɗen? Rikicin Kafanchan ya faru a Maris 1987, jihar na haɗe. Na Zangon Kataf a 1992, bayan rabuwa. Taswirar ba ta haifi rikicin ba, ba ta kuma kashe shi ba.

Irin wannan takobi mai kaifi biyu ne zancen ruwa. Madatsar Tiga da ta Challawa suna Kano, amma masu noma da su da kiwo a fadamun Haɗeja da Nguru ne ke ɗanɗana sauyin tafiyar kogin: ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ambaliya, wani wuri ƙishirwa, wanda gonarsa ta mutu kuma ya ɗauki jaka ya shiga birni. Ana iya cewa da gwamna ɗaya ne ke da sama da ƙasan kogin, da ya fi jin kukan. Sai dai Audu Bako ya gina Tiga ne a lokacin da Haɗeja ke cikin jiharsa.

Abin da layi bai taɓa ba shi ne haihuwa, wadda ita ce uwar yawan jama'a. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Najeriya na haihuwar 'ya'ya 5.3 a matsakaici, a Katsina 7.3, a Legas 3.4. Shekarun aure, karatun 'ya'ya mata, zaman karkara ko birni da mutuwar jarirai ne ke tafiyar da wannan. A leƙa tsallaken iyaka ma, Maraɗi da Damagaram su ne kan gaba a haihuwa a Nijar. Iyakar da Ingila da Faransa suka ja sama da shekara ɗari ba ta raba Katsina da Maraɗi a wannan fanni ba, balle layin da Babangida ya ja tsakanin Funtuwa da Giwa. In jihohi sun yi tasiri, to ta bayan gida ne, ta hanyar makarantun 'yan mata da asibitocin da sabuwar gwamnati ta gina ko ta kasa ginawa.

Saura ita kanta lambar. Duk lissafin da muka yi a sama da alƙaluman 2006 muka yi shi, kamar su ba ruwansu da taswira. Alhali a Najeriya ƙidaya ba ta taɓa rabuwa da rabo ba. Ta 1962 an soke ta. Ta 1963 ta ba da miliyan 55.7, Arewa na da 29.8, wanda ya ba ta kujeru 167 cikin 312 a majalisar wakilai, Firimiyan Gabas Michael Okpara ya ƙi amincewa har ya garzaya kotu. Ƙidaya ɗaya tak aka yi a kan taswirar jihohi 12, ta 1973. Ta ba da miliyan 79.8, jihohin Arewa shida na da sama da 51, hayaniya ta tashi, Murtala ya soke ta a 1975. Bayan shekara 18, ta 1991 ta samu miliyan 88.9 a ƙasar gaba ɗaya, wanda ya nuna irin kumburin da ke cikin ta 1973. Idan jihohi kaɗan ne kuma manya, ƙarin miliyan ɗaya a takarda na iya juya wanda zai mulki ƙasa, don haka kowa zai yi iya ƙoƙarinsa. Yawan jihohi da tsarin raba daidai sun rage wa ƙidaya wannan dafin, sun farfasa babban faɗa ya zama ƙanana. Da an tsaya a 12, ba mutanen kaɗai ne za su zauna a wasu wurare ba, lambobin da za a rubuta musu ma da wasu ne dabam, in har an iya amincewa da wata lamba.

Masu neman sababbin jihohi ba su gaji ba. Akwai Tiga da Ghari daga Kano, Haɗeja daga Jigawa, Katagum daga Bauchi, Gurara daga Kaduna, Karaɗuwa da Bayajidda daga Katsina. Taron ƙasa na 2014 ya ba da shawarar ƙara 18. Sashe na 8 na kundin tsarin mulkin 1999 kuwa ya gindaya sharuɗɗa masu tsauri: kashi biyu cikin uku na wakilan yankin a majalisun tarayya da na jiha da na ƙananan hukumomi, ƙuri'ar raba gardama da kashi biyu cikin uku suka amince, yardar rinjayen jihohin ƙasar, sannan kashi biyu cikin uku na kowane zaure na majalisar tarayya. Tun Yamma ta Tsakiya a 1963 farar hula ba su ƙara ko ɗaya ba, kuma dalilin a fili yake: kowace sabuwar jiha na rage ludayin sauran 36 da ake neman yardarsu.

Amma a ce an tsallake duk wannan, Tiga da Ghari sun tabbata. Ƙananan hukumomi takwas na birnin Kano da kewaye mutum miliyan 2.8 aka ƙirga musu a 2006, sauran 36 na da miliyan 6.6. Ko yaya aka yanka, ragowar Kano za ta sauka daga matsayi na ɗaya, Legas ta haye ba tare da an haifi jariri ko ɗaya ba, yankin kuma ya tashi da sanata tara a maimakon uku da ludayi uku a maimakon ɗaya. Kanawa sai su zaɓi wanda suka fi so a cikin biyun. Kuma duk wanda zai ja sabon layin, da alƙaluman 2006 zai yi aiki, domin ƙidayar da aka shirya farawa a Mayun 2023 gwamnatin Buhari ta ɗage ta ana saura 'yan kwanaki.